Wasiƙa daga Mosko: malamin aji na 29, da abin da sanyi ke yi wa fiyano

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya iyali, ya hunturu? Ina fatan kowa lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan, domin tambayoyinku sun taru kuma kusan duk hanya ɗaya suka bi. Tun da aka ji harkar fiyano ce ta zaunar da ni a Mosko, abu uku ake ta maimaita mini: me ya sa makaɗan fiyano na Rasha suka yi zarra a duniya, shin yaronmu zai iya zuwa ya koya, kuma yaya ake zama cikin wannan sanyi. Akwai masu tambayar biza da abinci, zan taɓo su in wuri ya samu. Masu tambayar hukuncin kiɗa kuwa, malamai na nan kusa da ku, su ne da wannan fage.

Tambayar farko ba ta amsuwa sai an ambaci Heinrich Neuhaus, wanda 'yan Rasha ke kira Genrikh Neigauz. Ba shi kaɗai ne babban malamin fiyano na zamaninsa ba. A babbar makarantar kiɗa ta Mosko, wadda Nikolai Rubinstein ya kafa a 1866 kuma take kan titin Bolshaya Nikitskaya, akwai Konstantin Igumnov da Alexander Goldenweiser da Samuil Feinberg, kowa da ajinsa da almajiransa. Amma idan a yau ka tambayi ɗalibi a makarantar wa ya koyar da malamin malaminsa, sau da yawa zaren a hannun Neuhaus yake ƙarewa.

An haife shi ranar 12 ga Afrilu, 1888, a garin Elisabetgrad, wanda yanzu yake cikin Yukiren da sunan Kropyvnytskyi. Gidan kiɗa ne gaba da baya. Mahaifinsa Gustav, mutumin yankin kogin Rhine na Jamus, da mahaifiyarsa Olga suna da makarantar koyar da fiyano a garin. Kawunsa Felix Blumenfeld shi ne ya koyar da shahararren makaɗin fiyano Vladimir Horowitz. Karol Szymanowski kuma, mai tsara kiɗan nan na Poland, ɗan uwan Neuhaus ne. Mahaifin mutum ne mai tsananin imani da atisayen yatsu, ya cika yaron da su tun yana ƙarami, kuma ina ganin rabin abin da Neuhaus ya koyar daga baya martani ne ga wannan tarbiyya. Ya yi karatu a hannun Leopold Godowsky a Berlin, sannan a Biyana ta Ostiriya daga 1912 zuwa 1914. Yaƙin duniya na ɗaya ya dawo da shi gida. Ya koyar a Tiflis (Tbilisi ta Jojiya a yau), ya koyar a Kiyef, a 1922 aka kira shi Mosko, inda ya zauna yana koyarwa har rasuwarsa ranar 10 ga Oktoba, 1964. Ya riƙe shugabancin makarantar daga 1935 zuwa 1937. Kabarinsa na maƙabartar Novodevichy.

Shi kansa makaɗi ne na fita gaban jama'a, ya fi ƙarfi a kiɗan Chopin da Scriabin da Schumann da Brahms. Hannunsa ƙarami ne, kuma a 1933 ya yi mashaƙo mai tsanani wanda ya taɓa masa jijiyoyin hannun dama. Wanda ya saurari faya-fayansa zai ji kuskuren yatsa nan da can, haka ne, ba a ɓoye yake ba. Abin da za ku nema a ciki shi ne amon: yadda sauti ɗaya ke miƙa wa na gaba hannu har ka rantse murya ce take rerawa. Domin a gane girman wannan, sai an leƙa cikin akwatin.

Fiyano na da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. A ciki akwai tsirkiyoyin ƙarfe wajen 230, saboda yawancin sautuka tsirkiya uku-uku gare su, masu kauri na ƙasa kuma biyu-biyu ko ɗai-ɗai, an naɗe su da jan ƙarfe. Jimillar jan da suke yi ya kai tan 18 zuwa 20, shi ya sa aka zuba firam na ƙarfe ya riƙe su. Kowane maɓalli yana nutsewa kimanin milimita 10, kuma nauyin giram 50 ya isa ya saukar da shi. Idan ya sauka, wata 'yar guduma mai kan matsattsen gashin tumaki takan tashi ta yi tafiyar kusan milimita 45 zuwa tsirkiya. Saura milimita ɗaya ko biyu ta isa, sai sandar da ke tura ta ta zame gefe, gudumar ta ƙarasa ita kaɗai, ta buga, ta dawo. Daga wannan zamewar mai kiɗa ba shi da sauran iko. Mai goge na iya ƙara wa sauti ƙarfi bayan ya fara shi, mai algaita ma haka, amma sautin fiyano daga haihuwarsa yake fara mutuwa. Abin da ke hannun makaɗi kawai shi ne saurin da gudumar ta tashi da shi, da lokacin da ya saki maɓallin, da yadda ya auna ƙarfin wannan sauti a kan na kusa da shi, sai feda. Da waɗannan huɗun ake sa na'urar buge-buge ta yi waƙa.

Koyarwar Neuhaus, wadda ya tattara a littafinsa kan fasahar kaɗa fiyano da ya fito a 1958, daga kunne take farawa. Kafin ɗalibi ya taɓa maɓalli, sai ya san abin da yake son ji. Yakan sa a ɗauki takardar kiɗan a karanta ta nesa da fiyano, a ji ta a kai, a kaɗa hannu ana jagorantarta daga farko zuwa ƙarshe kamar madugun ƙungiyar makaɗa, har a san inda take hawa, inda take numfasawa da inda ƙololuwarta take. Hujjarsa ita ce idan manufar ta fito sarai, hanyar cimma ta takan bayyana, yatsa kuma ba ya iya samar da abin da kunne bai nema ba. Ɗalibin da ya yi akasin haka, ya haddace motsin yatsu tukuna da niyyar ya zuba ma'ana daga baya, yakan ƙare da kiɗa mai tsafta wanda ba ya cewa komai, kuma ranar da tsoro ya kama shi a gaban jama'a hannun ya ɓace masa, babu abin da zai kama ya tashi.

Daga nan sai amo. Akwai atisayensa mai sauƙin faɗi da wuyar yi: a ɗauki maɓalli ɗaya, a danna shi a hankali ƙwarai har ya sauka ba tare da ya yi sauti ba, domin gudumar ba ta samu saurin isa tsirkiya ba. Sai a ƙara sauri kaɗan har sautin farko mafi rauni ya fito. Daga nan a riƙa hawa mataki-mataki har a kai inda abin ya daina zama sauti ya koma ƙarar duka. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne duk kiɗan yake, kuma aikin ɗalibi ya ƙara yawan matakan da kunnensa ke bambancewa. Mafari yakan samu huɗu ko biyar. Ƙwararre na da gommai. Atisaye na biyu shi ne a buga sauti a riƙe shi, a saurare shi har ya mutu gaba ɗaya, domin sauti na gaba dole ya shigo daidai da ƙarfin da na baya ya rage da shi, in ba haka ba layin waƙar ya riƙa tsalle. Mafi yawan masu koyo bugun kawai suke ji, jelar sautin ba sa jinta, shi ya sa kiɗansu ke fita a gutsure.

Sai jiki. Ana saita kujera yadda daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu zai yi kusan daidai da tsayin maɓallai, a zauna a rabin gaba na kujerar, ƙafafu a ƙasa. Yakan sa ɗalibi ya ɗaga hannu ɗaya da ɗayan, ya sake shi ya faɗi da nauyinsa, domin ya san yadda sakakken hannu yake. Nauyin daga kafaɗa yake gangarowa, kan yatsa kawai ke tsayawa da ƙarfi ya karɓe shi. Inda abin ke lalacewa shi ne ɗaga kafaɗa, da ƙanƙame wuyan hannu, da ci gaba da matsa maɓalli bayan ya riga ya kai ƙasa. Wannan matsi na ƙarshe ba ya ƙara wa sauti komai tunda guduma ta riga ta buga ta koma, jijiya kawai yake gajiyarwa, kuma shi ne asalin ciwon hannun da ke zaunar da ɗalibai wata da watanni. Duk dabarar yatsu ya kasa ta gida takwas, daga buga sauti ɗaya, zuwa biyu har biyar, zuwa hawa da sauka a jere, zuwa tsallake-tsallake masu nisa, har zuwa kaɗa muryoyi da yawa a lokaci guda kamar yadda Bach ya rubuta. Bai hana atisaye ba, amma ya fi son a ciro wurin da ke da wuya daga cikin ainihin kiɗan a mai da shi atisaye.

A kan yadda ake bita kuma yana da misalin da kowace mai girki za ta gane. Wanda ke son ruwa ya tafasa ya ɗora tukunya ya bar ta a wuta har ta tafasa. Ɗalibai da yawa sukan ɗora, ruwan ya yi ɗumi su sauke, su tafi wani abu, gobe su sake ɗorawa, haka har mako ya ƙare ruwa bai taɓa tafasa ba. Wato wuri mai wuya, ko layi biyu ne, a zauna a kansa a hankali, hannu ɗai-ɗai sannan a haɗa, har ya faɗa hannu a zama ɗaya, ko da zai ci awa biyu. Bin kiɗan daga sama har ƙasa sau goma a rana ana tuntuɓe a wuri ɗaya koya wa hannu tuntuɓen ne. Feda ta dama, wadda ke ɗage dukan matosan da ke tsayar da rawar tsirkiyoyi lokaci guda, ana canza ta ne jim kaɗan bayan sabon sauti ya shigo, kuma kunne ke ba da umarni. Wanda ya danne ta don ya rufe kuskure sai komai ya cakuɗe.

Duk wannan a aji na 29 ake yinsa, ɗaki mai fiyano biyu, ɗaya na ɗalibi ɗaya na malam. Darasin a buɗe yake. Ɗalibi ɗaya na kaɗawa, sauran na zaune suna ji, har da baƙi daga wasu azuzuwa, saboda haka kowa na koyon kiɗan da shi bai taɓa kaɗawa ba. Neuhaus na jin Rashanci da Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da harshen Poland, kuma yakan tsayar da darasi ya karanto waƙen Pushkin ko na abokinsa Boris Pasternak, ko ya kawo zancen wani zane, don ya nuna abin da jimlar kiɗa ke nufi. Akwai gefen da ba a cika faɗa ba. Tsarin ya fi amfanar wanda ya zo da ƙarfinsa. Aikin gyaran yatsu na yau da kullum mataimakansa ne ke ɗauke da shi, ɗalibi mai matsakaiciyar baiwa kuma na iya fita daga darasin cike da sha'awa ba tare da ya san me zai yi da hannunsa da yamma ba. Emil Gilels, wanda ya zo masa daga Odesa a 1935 ya kuma ci gasar Brussels a 1938, daga baya ya riƙa cewa malamarsa ta gaskiya ita ce Berta Reingbald ta Odesa, kuma zumuncinsa da Neuhaus ya yi sanyi. Ina ganin Gilels na da hujja a kan kansa, domin ya zo a gine.

Sviatoslav Richter labarinsa daban. Ya zo a 1937 yana da shekara 22, bai bi makarantun da aka saba bi ba, aikinsa raka mawaƙa da fiyano a gidan wasan opera na Odesa. Neuhaus ya saurare shi ya karɓe shi nan take. Sau biyu aka kore shi saboda ƙin halartar darussan siyasa na dole, malam na sa baki ana mai da shi, kuma ya ɗan zauna a gidan malamin yana kwana a ƙarƙashin fiyano. Neuhaus bai rushe abin da ya tarar ba. Ya sa shi ya saki kafaɗu, ya tilasta masa koyon sonata (dogon kiɗa mai sassa da yawa) ta 31 ta Beethoven wadda ba ya so, don amonsa ya buɗe ya yi waƙa, ya kuma koya masa darajar shiru ta hanyar sonatar Liszt. A Nuwamba 1940 ya raba dandali da shi a ƙaramin zauren makarantar, malam ya kaɗa rabin farko, ɗalibi ya rufe da sonata ta 6 ta Prokofiev. Malami nawa ne zai ba almajirinsa rabin daren da aka zo dominsa, yana sane za a tashi ana zancen almajirin?

Shekara guda bayan haka, a Nuwamba 1941, sojojin Jamus na dab da Mosko, aka kama Neuhaus. Bai bi masu ƙaura daga birnin ba, sunansa kuma na Jamusawa ne, sai aka zarge shi da jiran abokan gaba. Ya yi fiye da wata takwas a tsare a Lubyanka, kurkukun 'yan sandan ciki a Mosko, aka sako shi a 1942 aka tura shi yankin Ural, inda ya koyar a Sverdlovsk har 1944 kafin a bar shi ya dawo ajinsa. Shekara ashirin ya ƙara yana koyarwa bayan nan.

To, sanyi. Kun tambaya sau da yawa, kuma shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, saboda duk wannan zance na amo a kan katako yake tsaye, katako kuma iska yake sha. Sanyin jiki mai sauƙi ne: a Janairu ma'auni kan zauna wajen digiri 6 zuwa 10 ƙasa da sifili, wasu ranaku ya faɗa ƙasa da 20, sai a sa riga uku a jere, ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai tare iska, da hula da safar hannu da takalmi mai kaurin ƙasa. Cikin gida kuwa zafi ne. Hukuma ke kunna ruwan zafi a bututan ɗumama gidaje na birni gaba ɗaya, idan matsakaicin zafin yini ya zauna ƙasa da digiri 8 kwana biyar a jere, yawanci wajen farkon Oktoba, kuma ba a kashewa sai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Ɗaki kan kai digiri 23 ko 25 alhali ƙanƙara na zuba a waje.

Matsalar a nan take. Iska mai sanyin digiri 10 ƙasa da sifili ba ta iya riƙe ruwan da ya wuce kimanin giram 2 a kowace mita kubik (mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi), alhali a digiri 22 tana iya riƙe wajen giram 19. Idan wannan iskar ta waje ta shigo aka ɗumama ta, danshinta sai ya faɗi zuwa kashi 10 ko 15 cikin 100. Fiyano kuma kashi 40 zuwa 50 yake so. A bayan tsirkiyoyi akwai allon amo, faffaɗan katako siriri wanda kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba, an yi shi da ɗan tudu a tsakiya yana tokare tsirkiyoyin ta kan wani siririn katako da ake kira gada. Shi ne ke mai da rawar tsirkiya ta zama amon da ke cika zaure. Idan iska ta bushe sai ya tsuke, tudun ya kwanta, tsirkiyoyin su saki, sautin ya sauka, musamman a tsakiyar fiyanon. Da bazara danshi ya dawo kashi 60 ko 70, allon ya kumbura, sautin ya haura. Shekara da shekaru ana wannan shiga da fita sai allon ya tsage, haƙarƙarin da aka manna masa a baya su ɗago, ka ji wani zuu-zuu a wasu sautuka. Katakon da ke riƙe da kusoshin ɗaure tsirkiya shi ma yakan bushe, kusoshin su yi sako-sako, mai saiti ya ɗaure yau gobe su kwance. Wannan ita ce cutar da ke kashe fiyano, gyaranta ya fi kuɗin tsohon fiyanon. Shi ya sa za ka ga tsofaffin fiyanon tsaye na zamanin Sobiyet, irin su Krasny Oktyabr, ana ba da su kyauta ga duk mai iya ɗauka: nauyinsu ya haura kilo 200, kuɗin sauko da su daga bene ya fi darajarsu.

Maganin da ake yi a nan ba sirri ba ne. Ba a jingina fiyano da bututun ɗumama ɗaki, ko taga, ko bangon waje. Ana ajiye ma'aunin danshi kusa da shi, a kunna na'urar fesa tururi duk hunturu. Tsofaffi kan sa kwalaben ruwa buɗe a cikin ƙasan fiyanon tsaye, yana ɗan taimakawa in ana cika su, amma in suka zube sai tsatsa. Ana saiti sau biyu a shekara, kuma ba a kiran mai saiti ranar da aka kunna ɗumi, sai an jira mako biyu ko uku katakon ya zauna, in ba haka ba kuɗin ya tafi a banza. Ana saita sautin da ake auna sauran da shi a kan girgiza 440 a daƙiƙa, wasu zauruka 442. Hannun ɗan Adam ma haka: wanda ya shigo daga waje ba ya hawa kan kiɗa mai sauri, sai ya sa hannu a ruwan ɗumi, ya yi minti goma ko sha biyar yana kaɗa abu a hankali.

Na tsawaita a nan ne saboda ku. Hunturun Kano da Katsina da Damagaram yana saukar da danshi ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ya haura 70, wato wahalar da katako ke sha a can ba ta gaza ta Mosko ba, ga ƙura, ga gara, ga ɓera da asu masu cin gashin gudumomi. Makaranta ko coci ko ɗakin ɗaukar sauti da ke shirin sayen tsohon fiyano na katako daga Turai, ku fara tambayar wa zai riƙa saita shi da kuma ɗakin da za a ajiye shi. Kafin a biya, a buɗe a duba allon amo da tocila ko akwai tsagewa, a duba tsatsa a kusoshi, a danna maɓallan 88 ɗaya bayan ɗaya. In babu mai saiti a kusa, fiyanon lantarki mai maɓallai 88 masu nauyi, waɗanda ƙarfin sautinsu ke bin ƙarfin dannawa, ya fi muku alheri nesa ba kusa ba. Ƙaramin kibod mai maɓallai 61 marasa nauyi yana da amfaninsa a wajen biki da situdiyo, amma ba a iya yin atisayen sauti ɗaya da na faɗa a kansa yadda ya kamata, yaron da ya tashi a kansa kuma sai ya sake koyon taɓi daga farko.

In koma kan malam. Abin da ya bari ya fi bayyana a cikin almajiransa waɗanda suka koyar bayansa. Yakov Zak, wanda ya ci gasar Chopin a Warsaw a 1937, ya zama farfesa a makarantar, Eliso Virsaladze ta Jojiya ta bi ta hannunsa, ita kuma ta yaye Boris Berezovsky wanda ya ci gasar Tchaikovsky a 1990. Lev Naumov, mataimakinsa da ya gaji ajin, ya koyar har rasuwarsa a 2005, a hannunsa Andrei Gavrilov da Alexei Sultanov suka fito. Vera Gornostaeva ta koyar a Mosko da Japan har 2015, ɗalibinta Vadym Kholodenko ya ci gasar Van Cliburn a Amurka a 2013. Radu Lupu na Romaniya ya riski shekarun malam na ƙarshe, ya ƙarasa a hannun ɗansa Stanislav Neuhaus, jikan kuma, Stanislav Bunin, ya ci gasar Chopin a 1985. Ku saurari Richter da Gilels da Lupu a jere, ba za ku ce aji ɗaya suka zauna ba. Neuhaus ya rubuta cewa babban aikin malami shi ne ya kai ɗalibi inda ba ya buƙatarsa, da wuri kuma. Masu koyar da kowace irin sana'a a gida, waɗanda ke riƙe yaro shekara goma suna ɓoye masa ƙarshen aikin don kada ya tashi, da sun duba abin da wannan hanya ta haifar.

Zancen kawo yaro. A nan ana farawa ne a shekara 6 ko 7, a yi shekara bakwai ko takwas a makarantar kiɗa ta yara da ake zuwa bayan an tashi daga boko, sai huɗu a kwalejin kiɗa, sannan biyar a babbar makaranta. Jarrabawar shiga sashen fiyano da ka ake kaɗa ta, babu takarda: Bach, da cikakkiyar sonata, da kiɗan gwajin yatsu mai wuya, da wani babban kiɗa, ga jarrabawar kunne inda ake kaɗa sauti ka rubuta abin da ka ji. Wanda ya fara a shekara 18 ba zai shiga wannan layi ba, kada wani dillali ya karɓi kuɗinku a kan haka. Amma koyon kaɗawa mai kyau, da koyarwa, da saitin fiyano da gyaransa, duk ƙofofi ne a buɗe ga babba, na ƙarshen nan kuma masu yinsa sun yi ƙaranci a wajenmu. Yaron da ke gida ya samu malamin da zai koya masa karanta rubutun kiɗa da rera abin da zai kaɗa kafin ya kaɗa, minti talatin kullum, ya fi awa huɗu ranar Asabar kaɗai.

Takardu kuwa, a taƙaice: takardar gayyata daga makaranta kafin biza, shaidar gwajin cutar ƙanjamau, fassarar fasfo da takardun makaranta zuwa Rashanci da hatimin notari, sannan in an iso a adana ɗan katin shige da fice da ake bayarwa a filin jirgi, a yi rajistar wurin zama cikin 'yan kwanakin farko. Shekarar farko yawanci ta koyon harshe ce. Ƙa'idojin na canzawa, ku tabbatar daga ofishin ɗaliban waje na makarantar da kanta. Abinci sai wata wasiƙar, amma ana samun naman halal, kuma duk mai tahowa ya riƙo yaji da kuka da daddawa.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.

Naku, daga Mosko.